Faifan Inna da Guntsin Ruwa

Da sunan Allah nake farawa. Ya ku ƙawayena na makarantar gidanmu, tun ranar da na dawo Gagarawa ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta ce yaya ƙasar Faransa take, waccan ta ce wai da gaske ne jakunansu ma da wani yare suke kuka. Duk sa'ad da na fara ba da labarin, sai Gwaggo Tabawa ta tsoma baki ta karkatar da shi wajen ciwon ƙafarta. Shi ya sa na roƙi Baba takarda da tawada, na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta kai ba.

Kun san Innarmu ta rasu bara. Abin da ba ku sani ba, ta bar faifai da basilla soke a jikinsa, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Don ƙanwata Kuluwa ta fara shi: tauraro mai ƙafa takwas a cibiya, ja da baƙi. Da aka sa ranar Kuluwa, cewa bayan girbi za a kai ta Sule Tankarkar, aka tambaye ta me take so a jerenta. Ta ce ita dai faifan Inna, ko shi kaɗai ne.

Ni ce babba, ni na ɗauka. Wata uku ina saƙa a ƙuryar ɗaki. A zuciyata asuba nake saƙawa: ja da rawaya suna tasowa a sama kamar gari zai waye, baƙi yana kwance a ƙasa kamar ragowar duhu, irin yadda Baba yake tsara zayyanar allo. Amma duk sa'ad da na ɗaga shi na duba, sai in ji wani abu bai zauna ba, ban kuma san mene ne ba. Ba halin in tambayi kowa. A nan garin kun san dokar, Gwaggo kuwa ita ce alƙaliyarta. Tun da ta dawo gidan ƙanenta Baba ta riƙe mu, kullum sai ta ce, "Aikin da bai ƙare ba kamar ƙaramin ciki ne, ba a tallarsa. Kambun baka ba ya sallama."

Baba ne ya gaji da jin ajiyar zuciyata. Ya ce, "Sa'adatu, wanda ya maƙale a aya wajen malami yake komawa. Yalwa tana nan da rai a garin su uwarki, tare suka koyi saƙa. Kawunki Ilu zai je gida jibi. Ki bi shi."

Gwaggo ta ce ba inda zan je da faifan nan ba tare da ita ba. Ta naɗe shi da zane uku, ta cusa laya a tsakiya, ta sa a ƙwarya ta ɗaure.

Mun tashi bayan sallar asuba, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama. Jakai biyu Kawu Ilu ya kawo. Nawa ba shi da laifi. Na Gwaggo kuwa mai son inuwa ne, duk tsamiyar da ya gani sai ya ratse ya tsaya kamar mai jiran a kawo masa tabarma. Gwaggo ta ce, "Malam Ilu, wannan jakin naka da gangan ka zaɓa mini shi." Kawu ya ce, "Wallahi Yaya, halinku ne ya zo ɗaya, shi ma ba ya son a ga tafiyarsa kafin ta ƙare." A tsamiya ta huɗu ta sauka don ta ja shi da kanta, ta faɗa cikin ƙarangiya. Daga nan har ƙofar Gumel aikina ke nan, cire mata ƙaya daga gefen zane, tana lissafa mini zunuban jakin.

A Gumel muka sauka gidan wani tsohon ɗalibin Baba. Matarsa mace ce mai fara'a, mai son sanin komai. Ba mu gama gaisawa ba idonta ya sauka kan ƙwaryar.

"Me aka ɗauro haka kamar amarya?"

Gwaggo ta ce, "Daddawa ce."

"Alhamdu lillahi! Tawa ta ƙare yau ɗin nan. A gutsuro mini ta miya mana."

Gwaggo ta ce ai ba ta gama nuna ba. Matar ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago ta ce, "Daddawar Gagarawa dai akwai kunya, ko wari ba ta yi." Da magariba aka kawo tuwon gero da miyar kuka, ba ko ƙwayar daddawa a ciki. Kawu ya aiko daga zaure yana tambaya ko lafiya. Gwaggo ta cinye nata tas, ba ta ɗaga kai ba.

Kashegari muka isa Maigatari, muka tarar kasuwa na ci. Ban taɓa ganin raƙuma da yawa haka ba. Ɗaya ya sunkuyo ya dube ni da dogon gashin ido kamar yana jin tausayina, na tsaya ina kallonsa har Kawu ya dawo ya janye ni. Ga kanwa tuli, ga gishiri, ga Fulani da shanu, kowa na magana lokaci guda. Wata mai fura ta ba mu rumfa a bayan gidanta. Ita ce ta gargaɗe mu cewa in mun tsallaka iyaka akwai gardi a bakin hanya, sai ya duba kaya. Na ji daɗi a raina. Na ce gardi ai namu ne, in na gaya masa ni 'yar malam ce ƙila ma mu yi musaffa.

Iyakar kuwa, ku daina tunanin ganuwa ko kogi. Wani turke ne kawai tsaye a tsakiyar gonar gero, ƙadangare na shan hantsi a kansa. Mai gonar yana kusa yana korar tsuntsaye. Kawu ya tambaye shi shi mutumin wace ƙasa ne. Ya ce, "Da safe ina aiki a ƙasar Ingilishi, da rana in sha fura a ƙasar Faransa. Geron dai ba a gaya masa ba tukuna."

Gaba kaɗan muka iske gardin. Ba allo, ba buzu. Ƙato ne da jar hula da bindiga, ashe su a can haka suke kiran mai tsaron hanya. Ya duba mangalar Kawu, sannan ya nuna ƙwaryar.

Gwaggo ta ce, "Daddawa ce."

Ya ce, "Buɗe, in ga daddawar."

Ta roƙe shi, ta haɗa shi da iyayensa, ya ce shi aikinsa yake yi. Zane na farko, na biyu, na uku, layar ta faɗo ƙasa. Karon farko ke nan da idon bare ya sauka kan aikina. Gardin ya ɗaga faifan, ya juya shi dama, ya juya hagu, ya karkata kai.

"Zanen hanyoyi ne wannan? Ta ina ake riƙe shi?"

Na miƙa hannu na daidaita masa. Na ce, "Nan ne samansa."

Ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah. Faifai ma sai an daidaita shi kamar takardar kumandan." Ya miƙo mini, ya ce mu wuce. Ni haushinsa kawai na ji, ban tsaya auna maganar ba. Gwaggo kuwa tofi ta dinga yi wa ƙwaryar har muka hango rumbunan garin su Inna, kan hanyar Dungas.

Garin ƙarami ne, rairayi har idon sawu. Rijiyarsu zurfi gare ta, sai an ɗaura wa sa igiya ya yi ta tafiya kafin guga ya fito. Fura suke sha safe da rana, mai kauri, gero ya fi nono yawa, tuwo sai da yamma. Gwaggo ta ce mutanen da ba sa karyawa da ɗumame ba ta san yadda suke tsayuwa ba. Gaisuwarsu kuma doguwa ce, sai an tambayi lafiyar kowa har akuya.

Inna Yalwa tsohuwa ce ƙarama, yatsunta sun rine da karan dafi har ba sa fita. Da ta gan ni ta riƙe fuskata da hannu biyu ta daɗe, ta ce, "Goshin uwarki." Gidanta cike da 'yan mata da zawarawa, su takwas, daga ƙauyukan kewaye, kowacce ta zo ta zauna damina guda tana koyon rinin kaba da tsara zane. Na matsa kusa na raɗa mata cewa ina da abin da nake so ta duba mini a ɗaki, mu biyu.

Ta ce, "A gidan nan ba a duba aiki a ɗaki. Gobe Laraba, akwai zaman akushi. Ki kawo."

Wata doguwa mai suna Fanna, wadda bakinta ba ya hutawa, ita ta yi mini bayani muna wankin kaba. Duk Laraba bayan la'asar ana ajiye akushi a tsakar gida. Mai aiki ta ɗora faifanta a kai, ko rabi ne, ko cibiya ce kawai. Sauran su kewaye shi kamar za a ci tuwo. Kowacce ta ce tubarkalla, sannan ta faɗi abin da idonta ya gani daga inda take zaune. Ba a cewa ya yi kyau, ba a cewa bai yi ba. Ita kuma mai aikin sai ta guntsi ruwa ta riƙe a baki, ba ta haɗiye ba, ba ta zubar ba, har kowa ya gama.

Na ce, "Don me?"

Fanna ta ce, "Don in ba haka ba, kafin in ce 'na ga', kin ce 'ai abin da nake nufi'. To, nufinki za a kai ɗakin amarya ko faifai?"

Gwaggo da ta ji, sai ta tafi wajen Inna Yalwa tana salati. "Haba baiwar Allah! Baki takwas a kan aikin da bai ƙare ba? Na marigayiya fa!"

Inna Yalwa ta ce, "Yaya, zauna. Kambu a bakin mai yabo yake, wanda ya ce kai, kai, zuciyarsa na ƙuna. Mai cewa ga inda ya karkace, wane kambu gare shi? Kuma in za a gaya mini bangona ya karkace, gara a gaya mini tun ƙasar tana ɗanya."

Ranar Laraba, kafin a zo kaina aka yi na mutum biyu. Na ga wata ta riƙe ruwa kumatu kamar na kwaɗo, ana ce mata janta ya cinye rawayarta, ta haɗiye ta yi godiya, aka wuce. Sai Inna Yalwa ta ce, "'Yar Gagarawa." Na kwance zane uku da hannuna. Na ɗora faifan kan akushi, na daidaita shi yadda ja zai kasance a sama daga inda nake. Aka miƙo ludayi, na guntsa.

Fanna ce a damana. Ta ce, "Tubarkalla. Ni dai kaza na gani kwance a kan ƙwai, ga tukkunta ja."

Wata iska ta taso mini daga ciki, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ruwan ya nemi hanci. Na danne.

Ta kusa da ita ta ce ta ga rumbu an kifar da shi. Wata ta ce saƙar ta yi ƙarfi, ba inda kaba ta yi sako-sako, amma idonta yana gudu gefe ɗaya kamar ruwa a gangare. Wadda ke fuskantar gefen baƙin ta leƙa, ta sake leƙawa, ta ce, "Ni a gefena duhu kawai aka bar mini. In ni ce baƙuwa a gidan, sai in ce ba a so zuwana ba."

Nan Gwaggo ta fashe daga bakin ƙofa. "Kaza? Wata uku yarinyar nan tana..." Inna Yalwa ta ɗebo ruwa a ludayi ta miƙa mata. "Guntsa, Yaya." Gwaggo ta guntsa don mamaki, ta haɗiye, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Sai da aka ba ta ludayi uku. Fanna ta ce a bar ta haka, randar ta kusa ƙarewa.

Saura mutum ɗaya, wata shiru-shiru mai suna Ladi, wadda ban ji muryarta ba tun zuwana. Ba ta yi magana daga inda take ba. Ta tashi ta zauna a wurin Fanna, ta duba. Ta koma wani wuri, ta duba. Sai da ta zaga akushin, sannan ta sa yatsa a kan zagaye ɗaya, daidai inda basillar Inna ta tsaya, wurin da ban gaya wa kowa ba.

Ta ce, "Tubarkalla. Daga nan zuwa ciki, duk inda ka zauna kai yake kallo. Daga nan zuwa waje, mutum ɗaya yake kallo." Ta ɗago ta dube ni. "Ke."

Ban san lokacin da na haɗiye ruwan ba. Sai maganar gardin nan ta dawo mini, da takardar kumandan ɗinsa. Tun ina ƙarama abin da na sani allo ne, mai sama da ƙasa, mai karatu ɗaya a gabansa. Inna kuwa ta san faifai a kan akushi yake zama, mutane kewaye da shi, ba wanda za a juya wa baya. Ni na ɗauki faifanta na mai da shi allo.

Da aka ba ni izinin magana, abin da ya fito kawai shi ne, "To yanzu yaya zan yi? Bikin saura kwana arba'in."

Inna Yalwa ta ce, "Ki ƙarasa shi haka, ba wanda zai kama ki, saƙa ce mai ƙarfi. Ko ki warware. Naki ne."

Na dubi gefen baƙin nan. Na tuna Kuluwa za ta ajiye tuwo a gaban dangin miji da ba ta saba da su ba, wani a cikinsu duhu zai samu. Na ce zan warware, amma ina tsoron kada hannuna ya wuce ya taɓa na Inna.

Ladi ta ce, "Ni zan riƙe wurin." Ta danne zagayen da babban yatsa, Fanna ta kama bakin kaba, ni ina zarewa, sauran suna tsince mai kyau suna jiƙawa don a sake amfani da ita. Aikin wata uku, kafin a kira magariba ya koma tulin kaba a ƙwarya. Fanna ta ce, "Allah ya ji ƙan kaza." Na yi dariya da hawaye a fuskata, har Gwaggo ma ta juya baya kafaɗunta na motsi.

Kwana tara muka yi. Na sake tasowa daga ƙafafun tauraron Inna, kowace ƙafa na ba ta rabonta na ja da na baƙi, asubar ta zagaye faifan gaba ɗaya maimakon ta tsaya a gefe. Laraba ta biyu aka sa ni a cikin masu dubawa, ashe wannan ma ba sauƙi. Faifan Fanna ne a kan akushi. Na ce, "Tubarkalla. Na ga kamar iska ta ratsa gonar gero ta bar sawunta, amma ba ta dawo ba." Fanna ta zaro ido, kumatu cike da ruwa, tana yi wa Inna Yalwa nuni da hannu. Inna Yalwa ta ce, "Tana roƙo ki faɗa da Hausa." Na ce layukanta na gefe ɗaya sun fi na ɗaya gefen faɗi. Fanna ta haɗiye ta ce, "Yawwa, Malama. Wannan zan iya gyarawa. Iska kuwa ban san inda zan kamo ta ba."

Dawowa ba wani labari. Gardin ya gane mu, ya ce yaya daddawa. Matar Gumel ta yi mana miya da daddawa har ta yi yawa, da gangan. Jakin Gwaggo bai tuba ba.

Yanzu ga inda ake. Faifan bai ƙare ba, saura faɗin yatsa huɗu da bakinsa, biki kuma saura kwana ashirin da 'yan kai. Shekaranjiya na ɗora shi a kan akushi a tsakar gidanmu, ba zane ko ɗaya, na kira Kuluwa. Ta zauna gabas, ta tashi ta zauna yamma, ta zaga kamar yadda Ladi ta yi ba tare da na gaya mata ba. Ta ce, "Yaya, ban ga inda Inna ta tsaya ba." Sai ta shige ɗaki da sauri.

Don haka ku zo ranar Laraba bayan la'asar, kowacce da idonta, wadda ke da aikin da ta ɓoye a ƙuryar ɗaki ta zo da shi. Kada ku ji tsoron Gwaggo. Da Kuluwa ta shige ɗaki, ina zaune ina kallon faifan, sai na ji motsi a bakin randa. Na ɗaga kai, ga Gwaggo tsaye a kaina da ludayi cike da ruwa.

Ta ce, "Tubarkalla. Guntsa, 'yar nan. Ina da magana a kan rawayar nan."